Gaisuwar Babbar Sallah daga Landan

Assalamu alaikum Yaya,

Barka da Sallah, Allah ya maimaita mana. A gaishe min da Inna, a ce ta ci gaba da sa mu a addu'a. Layyarmu ta nan kin san ta: a biya mahauci, ya haɗo nama a kwali, unguwa shiru ko ƙaurin suya babu.

Na ji saƙonki kan jikarki da za su taho da iyayenta, wai shekararta 11 amma ba ta da zance sai wasan kwaikwayo. Gaskiya ne yara suna fitowa a fim da talla a nan, ana kuma biyansu. Amma ki zaunar da uwarta ki karanta mata wannan tun ba su hau jirgi ba.

A Ingila yaron da bai kai shekarun barin makaranta ba, ba ya yin wasan da ake biya sai da lasisi daga ƙaramar hukumar da yake zaune. Masu shirya fim ɗin ne ke nema, kwana 21 kafin ranar aiki. Mai shekara 9 zuwa sama ba ya wuce awa tara da rabi a wurin ɗauka, a ciki awa 5 ne kawai na wasa, kuma ƙarfe 11 na dare ne iyaka. Dole uwa ko uba, ko mai rakiya da hukuma ta amince da shi, ya kasance tare da shi. Duk wanda ya ce a kawo yarinya gobe ba takarda, a rufe wayar. Haka dillalin da ya nemi kuɗi tun bai samo aiki ba. Na gaskiya daga abin da aka biya yake cire kasonsa. Fashin makaranta ba izini kuwa tara ce, fam 80, idan aka yi jinkiri ta koma 160.

Wannan duk mai sauƙi ne, doka ta tsare. Abin da doka ba ta gani yana cikin gida. Yaro kan riga iyayensa kama Turancin nan cikin 'yan watanni, sai ya zama tafintan gidan. Shi ke buɗe wasiƙar mai gidan haya, shi ke amsa wayar kamfanin wuta. Za ki ga 'yar shekara 12 a gaban likita, jakar makaranta a cinya, tana fassara wa uwarta ciwon da ko sunansa bai kamata ta sani ba. To ran da takardar yarjejeniyar fim ko talla ta zo, wa zai karanta? Ita ce. Uban ya sa hannu kan abin da ta gaya masa, ita kuma abin da ta so ta gaya masa. A nan ake sallama hoton yaro na shekaru kan kuɗi kaɗan. Su nemi babba mai jin harshen ya bi takardar layi-layi, musamman tsawon lokacin da za a yi amfani da hoton da ƙasashen da za a nuna shi.

Sai kuɗin. Da zarar kuɗin yarinya ya shiga haya ko cefane, bakin uwa ya mutu, ba ta iya cewa tashi ki kwanta. A buɗe mata asusu da sunanta, kada a taɓa ko don aikowa gida, ke ma Yaya kada ki tambaya.

Gwajin farko na shiga fim yanzu yawanci a gida ake ɗaukarsa a bidiyo: a jingina waya kan littattafai, yarinya ta fuskanci taga, bango fari a bayanta. Uwar ce za ta tura da adireshinta na imel, amsa ma gare ta za ta dawo, ba wayar yarinya ba. Idan son abin bai sake ta ba, akwai BRIT School, makarantar wasan kwaikwayo da kiɗa, a Croydon da ke kudancin Landan, kyauta ce, tana ɗauka daga shekara 14, kuma ana haɗa fasahar da jarrabawar sakandare ta GCSE.

In za su taho a haɗo min kuka da daddawa da yaji. Ban da kilishi, ba a shigowa da nama, a filin jirgi za a ƙwace.

Ƙanwarki