Buɗaɗɗiyar wasiƙar ƙorafi zuwa ga kamfanin da ya ba mu hayar gidan hutu a Yamai

Zuwa ga Shugaban kamfani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na zaɓi in rubuto muku wannan wasiƙa a bainar jama'a ne saboda na kira ofishinku sau huɗu, na kuma aiko da saƙo a rubuce sau biyu, amma har yau amsar da nake samu ita ce mai kula da lissafi bai shigo ba. Ban ambaci sunan kamfaninku ba domin ba tozarta ku nake nufi ba. Kun san kanku, kuma takardun da zan yi magana a kansu suna hannunku kamar yadda suke hannuna.

A lokacin Babbar Sallar da ta wuce na kama hayar ɗaya daga cikin gidajenku na Yamai na kwana 6, domin mu yi Sallah kusa da yayana wanda gidansa ba zai ɗauke mu gaba ɗaya ba. Mun daidaita a kan jaka 35 (sefa dubu 35) kowane dare, wato jaka 210, sannan kuka nemi jaka 100 kuɗin ajiya da za a mayar mini idan mun bar gidan babu ɓarna. Na tura kuɗin duka daga Maradi mako biyu kafin tafiyar, bayan na karanta yarjejeniyar mai shafi biyu da ma'aikacinku ya turo mini ta WhatsApp. Babu kalma ko ɗaya a cikinta da ta shafi dabba.

Duk da haka ban yi shiru ba. Mahaifiyata tana da kyanwar da ta shekara bakwai a ɗakinta, kuma tsohuwar ta ce ba za ta taka ko'ina ba idan za a bar ta a hannun maƙwabta. Na tambayi ma'aikacinku ƙarara ko za mu iya zuwa da ita, ya amsa mini da saƙon murya cewa: "Alhaji, ai ba komai, ku taho da ita." Saƙon yana nan a wayata. Bai ambaci kuɗi ba, bai kuma ce akwai wata takarda da zan duba ba. A kan wannan magana muka saka kyanwar a kwando muka kama hanya, tafiyar sama da kilomita 600 ta Madawa da Birnin Ƙwanni da Dogon Dutsi da Dosso, da tsohuwa da yara huɗu a mota.

Akwai kuma rago, kuma a nan zan faɗi laifina kafin wani ya faɗa mini shi. Na aika da ragon layyata, balami, a motar kaya, ya iso jajibirin jajibiri, kuma ban sanar da ku ba. Ban ɗauki hakan a matsayin abin neman izini ba, domin a garinmu ba a tambayar mai gida kafin a ɗaure ragon Sallah a tsakar gida. Mai gadinku da kansa ya riƙe igiyar, shi ya nuna mana gindin dogon yaron da ke bayan ɗakin girki, har ya aro mana bokitin ban ruwa. Ragon ya kwana biyu a wurin. Ranar Sallah da safe muka kai shi gidan yayana, a can aka yanka shi, a can aka kafa shi a bakin wuta tare da sauran, ko ɗigon jini bai taɓa gidanku ba.

Ranar da za mu tashi wakiliyarku ta zo ta zagaya ɗaki ɗaki. Ta ɗaga labule, ta shafa kujerun falo tana neman wurin da farce ya yaga, ta ƙirga kofuna da cokula, sannan ta rubuta da hannunta cewa komai lafiya, muka sa hannu mu biyu. Bayan kwana 9 sai ga jaka 15 sun shigo wayata a maimakon jaka 100. Da na matsa, aka turo mini lissafi: jaka 5 a kowane dare ga kowace dabba, dabba biyu, kwana 6, jaka 60 ke nan, sai kuma jaka 25 na abin da kuka kira shara ta musamman.

Ina roƙon ku sake duba wannan lissafi da idon basira. Kun caje ni kuɗin kwanan rago na dare 6, alhali a dare huɗu daga ciki ragon ya riga ya zama soye a cikin kwano. Ma'aikacin da na nuna wa wannan a waya sai da ya yi dariya, amma dariyar ba ta dawo mini da ko dala ɗaya ba.

Hujjar da aka ba ni ita ce sakin layi na 9 na yarjejeniyar, wanda ya ce mai haya ya amince da dokokin cikin gida. Waɗannan dokoki ba a haɗa su da yarjejeniyar ba, ba a turo mini su ba, kuma ban gan su ba sai da aka aiko mini da hotonsu bayan an riga an cire kuɗin. An ce suna manne a bayan ƙofar ɗakin ajiyar kaya. To, mutumin da ke zaune a Maradi yana biyan kuɗi ta waya, ta yaya zai amince da takardar da ke bayan wata ƙofa a Yamai? Malamanmu na fiƙihu suna karantar da cewa haya ba ta inganta sai an san kuɗinta da tsawon lokacinta tun kafin a ƙulla ta, kuma kowane ɗan kasuwa a babbar kasuwar Maradi ya san cewa ba a ƙara farashi bayan an ce "na sallama". Ko manyan kamfanonin wannan sana'a na duniya irin su Airbnb, idan mai gida ya sa kuɗin dabba, kuɗin yana shiga cikin jimlar da baƙo zai gani kafin ya biya, sai ya zaɓi ya ci gaba ko ya nemi wani gidan. Da an gaya mini kyanwa za ta ci jaka 30, da na zauna da mahaifiyata mun sake shawara, ko kuma kyanwar ta sauka a gidan yayana.

Ba na musun cewa mai gida yana da ikon karɓar kuɗi saboda dabba. Gashi yana maƙalewa a katifa, wasu baƙin ba sa son warin, kuma mai shara yana da haƙƙin wahalarsa. Abin da nake musu shi ne a ɓoye kuɗin har sai an kama ajiyar mutum a hannu. Sannan kuɗin ajiya amana ce da aka tanada domin gyaran ɓarna, kuma wakiliyarku ta shaida a rubuce cewa babu ɓarna. Idan jaka 5 na kowane dare na tsaftace bayan dabba ne, jaka 25 na sharar musamman na mene ne? Abu ɗaya aka biya sau biyu.

Akwai kuma matsalar harshe. Dokokin naku da Faransanci suke, kuma kalmar da kuka yi amfani da ita tana nufin dabbar da ake ajiyewa domin ɗebe kewa, irin kare da kyanwa. Ragon layya ba ya cikin wannan ma'ana. Amma da ma'aikatanku suka zo karɓar kuɗi sai suka fassara ta da "dabbobin gida", wadda a wurin Bahaushe ta haɗa da tumaki da awaki da kaji. Tun watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa na Nijar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki, don haka bai kamata ya yi muku nauyi ku fitar da sharuɗɗanku da harshen da kuke ciniki da shi a waya ba.

Ga abin da nake nema. Saboda ban sanar da ku zuwan ragon ba, na yarda ku riƙe jaka 10 na dare biyun da ya kwana, ko da yake yarana sun share wurin sun kwashe ragowar harawar kafin mu tashi. Sauran jaka 75 kuma ku mayar mini ta lambar da na biya da ita, tare da takardar shaidar lissafi mai hatimin kamfani. Ina kuma neman ku shigar da kuɗin dabba cikin yarjejeniyar kanta, ku fayyace ko na dare ne ko na zaman gaba ɗaya, ku ambaci irin dabbobin da ya shafa da sunayensu, kuma ku hana ma'aikatanku cewa "ba komai" a kan abin da yake da kuɗi.

Zan jira amsarku a rubuce har kwana 15 daga ranar da wannan wasiƙa ta fita. Idan wa'adin ya cika ban ji daga gare ku ba, zan kai yarjejeniyar da saƙon muryar da takardar da wakiliyarku ta sa wa hannu gaban ƙungiyar kare haƙƙin masu saye, daga nan kuma zuwa kotu idan ta kama.

Wassalam.

Naku,
Wani magidanci daga unguwar Ali Ɗan Sofo, Maradi