Wa ya ce fizik ta ƴan seri C ce kaɗai?

Malam Edita, assalamu alaikum.

Abin da Daktan nan ya faɗa a shirinku na ilimi na rediyo na daren Talata bai yi mini daɗi ba ko kaɗan, kuma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne mai gabatarwa bai tanka masa ba. An bar mutum ya zauna ya gaya wa yaran jihar Maraɗi baki ɗaya cewa littafin fizik na shekarar farko ta jami'a ba na kowa ba ne. Wai wanda bai fito daga seri C ba, wato ɓangaren lissafi da fizik na lise, kada ya ɓata kuɗinsa da lokacinsa. Wai abin baiwa ce, ko an haife ka da ita ko ka haƙura. Mai gabatarwa ya ce haka ne Dakta, aka sa talla. Shi ke nan? Ba wanda zai tambaye shi ina hujjarsa?

Ni ban yi seri C ba, ban ma taka jami'a ba. A Terminal D na tsaya, wato ajin ƙarshe na lise a seri D, ɓangaren kimiyyar halittu, shekarar da mahaifinmu ya rasu ya bar mini ƙanne. Sana'ata haɗa sola da famfunan ban ruwa, a cikin gari da lambunan bakin Gulbi, har Jiratawa da Tibiri da Madarunfa. Kuma irin littafin nan da Dakta ya ce ba nawa ba ne, yana nan ɗakina. Na saye shi wurin masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a ƙasa, bangonsa ya ɓalle, wani ɗalibi da ban sani ba ya riga ya cika gefen shafuka da bik. Na bi shi babi bayan babi, daga ma'auni zuwa motsi da ƙarfi da makamashi, zuwa zafi, zuwa lantarki. Yau da shi nake cin abinci.

Bari in nuna muku, don kada a ce cika baki nake. Mai lambu ya zo ya ce yana son lita dubu 10 na ruwa kowace rana. Ruwan rijiyarsa yana ƙasa da mita 20, tankinsa yana sama da mita 5, wato mita 25 ke nan za a ɗaga ruwan. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Ka ninka nauyin da 9,8, adadin jan ƙasa, ka sake ninkawa da tsawon, sai ka sami jul miliyan 2 da dubu 450. Ka raba da 3600, ya ba ka kusan wat-awa 680. Famfo ba ya mayar da duk wutar da ya sha ta zama aiki, in ka ɗauka rabi yake bayarwa to sai ka ninka biyu. Ka raba da awa biyar na rana mai ƙarfi, ka ƙara wani abu saboda ƙura da zafi, za ka ga farantin sola na wat 400 ya ishe shi. Wannan lissafin yana cikin babin makamashi, shafi biyu ne kacal. Amma na sha zuwa lambu in tarar an sayar wa talaka faranti ninki uku na abin da yake bukata, ya sayar da akuyoyinsa ya biya. Na kuma tarar da wanda aka haɗa wa abin da ba ya tura ruwa sai tsakar rana, albasarsa ta ƙone. Duk don wanda ya yi aikin bai taɓa buɗe shafukan nan biyu ba. Su ne Dakta yake ce wa kada su buɗe?

Ga wayar wuta. Wat 480 a kan volt 12 yana jan amper 40, a kan volt 48 kuwa amper 10 kawai. Zafin da waya ke yi a kan volt 12 ba ninki huɗu zai ƙaru ba, ninki 16 ne, domin amper ɗin ake ninkawa da kansa. Wanda bai san wannan ba shi ne yake sa siririyar waya a bayan batir, ta narke da dare mutane suna barci. Na ga ɗakin da ya kama wuta ta haka, Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, amma kayan auren yarinya sun tafi. Haka nan a littafin na gane dalilin da ya sa faranti ke rage ƙarfi a watan Afirilu da Mayu, lokacin da mutane ke tsammanin zai fi bayarwa. Wat ɗin da aka rubuta a bayansa an auna shi ne a zafin digiri 25, kuma duk digiri ɗaya da ya ƙaru yana rasa kusan kashi 0,4 cikin ɗari. A bazarar Maraɗi iska kanta tana wuce digiri 40, faranti kuwa a kan kwano yana haura 60. Shi ya sa nake barin sarari a ƙarƙashinsa iska ta ratsa, in fuskantar da shi kudu, in karkata shi kamar digiri 15, tun da garinmu yana wajen digiri 13 da rabi arewa da tsakiyar duniya.

Ba na cewa littafin yana da sauƙi. Ba a karanta shi a kishingiɗe. Karatunsa irin na allo ne: ka rubuta, ka biya, ka wanke, ka sake rubutawa. Sai da kaye da fensir a hannu. Misalin da marubuci ya warware, ka rufe shi ka warware da kanka. Tambayoyin ƙarshen babi su ne karatun, ba bayanin ba, kuma ba a leƙa amsar da ke bayan littafi sai an yi gumi. Akwai tambaya guda a kan akwati da ke zamewa a gangare wadda ta tsare ni tsawon lokaci, ina kan babur ina juya ta a kaina, har ranar da na zana kibiyoyin ƙarfin ɗaya bayan ɗaya, ta buɗe. Daɗin da na ji ran nan ban san yadda zan kwatanta muku shi ba. Ba a tsallake babi, domin wanda bai riƙe vekta ba, wato kibiyoyin nan masu nuna girma da alkibla, zai sha wuya a lantarki. Kuma a duba ma'auni a kowane layi, in amsar gudu ta fito da kilo to an ɓata hanya tun baya. Lissafin da babobin farko ke nema, deribe da entegiral, ai a Terminal D ma ana koyar da su. Dakta ya san haka sarai. Wannan shi ne abin da ya kamata ya gaya wa yara a cikin rabin awar da kuka ba shi, yadda ake zama da littafin, ba wai su nisance shi ba.

Abin da ya sa na kasa yin shiru, ɗiyar ƙanwata ce. Tana Terminal D bana, burinta ta shiga sashen kimiyya na Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo nan gida ta karanta fizik. Tun hutun bara ta karɓi littafina, ta kai babi na huɗu, takan zo shago da kayenta mu yi gardama a kan amsa. Safiyar Laraba ta kawo mini shi a leda. Ta ce, "Kawu, ka ji abin da Dakta ya ce jiya? To ni me zan je yi?" Yarinyar da ba ta taɓa nuna gazawa ba, jikinta ya yi sanyi. Uwarta kuma dama neman dalili take, ta ce ai gara ta nemi abin da ya fi sauƙi. Maganar minti biyu a rediyo ta rushe aikin wata da watanni. Wannan yarinya ɗaya ce da na sani. Nawa ne a Dakoro da Mayayi da Gidan Rumji waɗanda ba su da kawun da zai ce musu ba haka ba ne?

Ya kuma ce ba a fizik sai da ɗakin gwaji. Na yarda ɗakin gwaji yana da muhimmanci, kuma digiri jami'a ke bayarwa, ba littafi ba. Amma ba a ce sai da shi ake farawa ba. Na sa yarinyar ta ɗaure dutse da igiya mai tsawon mita ɗaya, muka rataye a reshen dogon yaro, ta kunna agogon waya. Kai da komowa sau 10 ya ɗauki kusan sakan 20. Ta canza dutsen da wanda ya fi shi nauyi, lokacin bai canza ba. Ta zauna ta sa cikin ƙa'idar da ke littafin, ta fito da adadi dab da 9,8, wanda tun tana Sekond ake ba ta shi ta haddace ba ta san daga ina ya fito ba. Ta ɗauki littafin ta koma da shi gida. Amma me ya sa sai na gyara ɓarnar da gidan rediyonku ya yi?

Sannan ya kawo sunan Farfesa Abdou Moumouni Dioffo a matsayin misalin baiwa, kamar yana cewa ku dubi wannan ku san ba sa'anku ba ne. Wannan ya ɓata mini rai ƙwarai. Mutumin nan a Tasawa aka haife shi a 1929, nan cikin jiharmu. Ya ci babbar jarrabawar malanta, wato agregasiyo, ta fizik a Faransa a 1956, bai kammala babban digirinsa na dakta ba sai 1967. Shekara 11 tsakani, yana koyarwa yana bincike. Wannan aiki ne da juriya. Ya shugabanci ONERSOL, ofishin makamashin rana na Nijar, daga 1969 zuwa 1985, inda aka ƙera na'urorin ɗumama ruwa da na dafa abinci da hasken rana, ya riƙe Jami'ar Yamai daga 1979 zuwa 1982, ya rasu a 1991, jami'ar tana ɗauke da sunansa har yau. Mutumin da ya ƙarar da rayuwarsa don rana ta yi wa talakan Nijar aiki, ba shi ne za a ɗauko a tsorata ƴaƴan talakawa da shi ba. In kuma tarihin Turawa Dakta ya fi so, to Michael Faraday ɗan maƙeri ne a Ingila, yana da shekara 14 aka kai shi koyon ɗinkin littattafai, a nan ya riƙa karanta waɗanda aka kawo a yi musu bango. A 1831 ya gano yadda motsin maganaɗisu ke haifar da wutar lantarki, abin da kowane janareto da ke ƙara a kasuwar Maraɗi yake aiki da shi. Wace seri ya yi?

Matsalar yaranmu ba ƙwaƙwalwa ba ce. Littafin ne babu, wanda ake samu ya yi tsada, Faransancinsa yana da nauyi, a ɗauke wuta da dare, sai yaro ya koma haddar fotokofi don ya tsallake jarrabawa. A kan wannan ya kamata ku yi shiri.

Ina roƙonku ku sake gayyato shi, ku buɗe layi, ya maimaita maganarsa a gaban mutane ko ya janye ta. Ku kira malaman lise da ke koyar da seri D su faɗi abin da suka gani a ajinsu. Ku kira mu masu sola da masu walda da masu gyaran janareto. Ni a shirye nake in zo da littafin da kayena, ya zaɓi tambayar da ya ga dama a babin lantarki.

Tun da na riga na ɗauki alƙalami, ga wata. Tallan maganin ƙarfin maza da kuke sawa bayan magariba, lokacin da iyali ke zaune ana cin tuwo, ya wuce gona da iri. Kalmomin da mai tallan ke furtawa ba a faɗinsu gaban ƴaƴa, balle gaban surukai. Sai mutum ya yi tsalle ya kashe rediyo. In ba za ku daina ba, don Allah ku mayar da shi can cikin dare.

Wassalam.

Mai sauraronku,
mai haɗa sola, Unguwar Zariya, Maraɗi