Wasiƙa Daga Sakkwato: Ratar Ƙuri'a 342

Sakkwato, 26 ga Maris, 2019

Aminina Bello,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya Kumasi, ya kasuwa, ya iyali? Mu nan lafiya lau, sai zafin bazara da ya fara gasa mu.

Na san ka ji a rediyo, amma gani ya kori ji. Tambuwal na PDP ya koma kujerarsa ta gwamna da ƙyar da jiɓin goshi: shi 512,002, Ahmed Aliyu na APC 511,660. Ratar ƙuri'a 342 ke nan, a jiha mai ƙananan hukumomi 23! Wallahi mutanen da suka halarci ɗaurin aurenka sun fi haka yawa. Ka tuna da na ce ka zo gida zaɓe, ka ce ƙuri'a ɗaya me za ta ƙara? To ga amsarka, kuma katinka na nan cikin durowar Inna yana shan ƙura.

Tun zaɓen 9 ga wata aka shiga ruɗani. Tambuwal na gaba da 3,413, amma ƙuri'un rumfunan da aka soke sun ninka haka nesa ba kusa ba, sai hukumar zaɓe ta ce bai kammala ba. Har yara sun iya faɗin "inkwankulusib". Aka sake fita ranar Asabar 23 ga wata. Daren nan ba wanda ya runtsa a unguwarmu. Muna teburin mai shayi, kowa da rediyo a kunne, ana jiran sakamakon ƙaramar hukumar Kebbe, shayi ya huce a kofi ba a sha ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki, Ahmed Aliyu fa mataimakin Tambuwal ne har bara; da Tambuwal ya koma PDP, shi kuma sai ya tsaya wajen Alu, wato tsohon gwamna Aliyu Wamakko na APC. Kuma mutanen da suka ba Buhari rinjaye a watan jiya, su ne dai suka raba ƙuri'ar gwamna biyu. Ni a ganina Basakkwace ya fara duba mutum, ba tuta kawai ba, ko da yake Kawu ya ce in rufe masa baki, kuɗi ne suka yi aiki ta kowane ɓangare. Shi da Baba har yau gaisuwa kawai ke haɗa su.

'Yan APC ba su yarda ba, maganar kotu ake yi.

Inna ta ce idan ka samu mai zuwa ka aiko mata da goro mai kyau. Ka gaida mai ɗakinka da yara.

Naka har kullum,
Umaru