Godiya ga ma'aikatan taskar finafinai ta Gosfilmofond

Zuwa ga shugaba da ma'aikatan Gosfilmofond, taskar finafinai ta ƙasar Rasha, da ke Belye Stolby kusa da Mosko.

Bayan gaisuwa mai yawa, na ga ya dace in yi muku godiya a bainar jama'a.

Ni ɗalibi ne a Mosko, ina rubuta kundin digiri na biyu a kan finafinan ɓarayi da 'yan damfara da aka yi a Rasha kafin juyin juya halin 1917, lokacin da fim bai fara magana ba. Wanda ya fi ba ni wuya shi ne jerin finafinan nan mai suna Sonka mai hannun zinariya, wanda mai shirya finafinai Aleksandr Drankov ya fara fitarwa a 1914 a kan wata ƙasurgumar ɓarauniya, Sofya Blyuvshtein da ake wa laƙabi da Sonka, wadda aka kai ta ɗauri tsibirin Sakhalin. Na sha yawo a kansa har takalmina ya suɗe. Wani ofishin bai amsa wasiƙata ba, a wani kuma aka bar ni tsaye a bakin ƙofa cikin sanyi, aka ce in dawo gobe, goben da ba ta ƙarewa. Saboda haka ranar da na hau jirgin ƙasa daga tashar Paveletsky zuwa wurinku, ban sa rai da komai ba.

Takardu ba su ɗauki lokaci ba. Abin da ba zan manta ba shi ne wata dattijuwa mai tabarau, wadda ta lura ina ta fama da rubutun da ke fitowa tsakanin hotuna, domin an yi shi ne da tsohuwar ƙa'idar rubutu da aka soke a 1918. Ba tare da na roƙa ba ta jawo kujera, ta riƙa tsayar da fim tana karanta mini kalma bayan kalma, har shayinta ya huce. Ita ce ta bayyana mini cewa mafi yawan finafinan zamanin sun salwanta, saboda zaren da aka ɗauke su a kai yana ruɓewa, kuma da wuri yake kamawa da wuta. Mama, Allah ya saka da alheri.

Abin ya sa na tuna da wuraren da ake ɗaukar mai bincike tamkar almajirin da ya zo bara, har da na gida, inda na taɓa ganin tsofaffin kaset jibge a ƙasa, ƙura da gara suna rabonsu, mai maƙullin ɗakin kuma kullum ya tafi ɗaurin aure.

Naku,
Ɗalibi daga Katsina, mazaunin Mosko.