Ɗan gajeren fim da ya tuna mini da Fabrairun 2024

Malam Edita, assalamu alaikum.

Kwanan nan wasu samari a nan Gadarif suka nuna mana wani gajeren fim da suka ɗauka da waya, da kuɗin aljihunsu. Bai kai minti 15 ba. Wata dattijuwa ce ita kaɗai a ɗaki, tana ta ɗaga waya wajen taga tana neman sabis, ɗanta kuma yana Jidda. Magana kaɗan ce a ciki, kuma hakan ya fi.

Wasu suka ce ai labarin kaɗaici ne irin na Turawa. Ban yarda ba. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilun 2023 muke cikin wannan hali. A Fabrairun 2024 layukan waya da intanet suka ɗauke a mafi yawan Sudan, Bankak, manhajar tura kuɗi ta waya, ya daina aiki, kuɗin cefane ya maƙale, ba ka san ko ɗan'uwanka na garin Maiurno yana raye ba. Wasu sai da suka biya kuɗi a wajen masu Starlink, wato intanet na tauraron ɗan Adam, kafin su aika saƙo ɗaya.

Sautin fim ɗin dai da sauran gyara. Amma don Allah ku ba irin waɗannan yara fili a shafinku na nishaɗi.

Naka,
Wani mai karatu,
Gadarif, Sudan