Kafin ku hau jirgin nan da Hajiya

Aminina,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Ka durƙusa ka gaishe min da Hajiya, ka ce ɗanta na Kano yana tambayar ƙarfin jikinta. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah.

Saƙonka ya iso. Na ji daɗi ƙwarai da ka ce za ka kai Hajiya yawon teku a jirgin ruwa kafin ta dawo gida, Allah ya saka maka da alheri, ya sa naka su yi maka. Sai dai da na ga sunan tashar da za ku tashi, Galveston ta Amurka, hankalina ya koma kan wani abu da ya faru a 2013, tun ba ka koma Houston ba. Ka san sana'ata, janareta da wayar wuta, shi ya sa na bi labarin sau da ƙafa a lokacin. Ba hana ku tafiya zan yi ba. So nake ka san abin da rashin wuta yake nufi a tsakiyar teku, tun da tsohuwa mai ciwon suga za ka ɗauka.

Jirgin sunansa a lokacin Carnival Triumph. Ya bar Galveston ranar Alhamis 7 ga Fabrairu da fasinja 3,143 da ma'aikata 1,086, tafiyar kwana huɗu zuwa tsibirin Cozumel na ƙasar Mekziko da dawowa. Suna hanyar komowa, da asubahin Lahadi 10 ga wata, wani bututun mai mai lanƙwasuwa a jikin inji na shida ya yi yoyo, man ya zuba a kan ƙarfe mai zafi, wuta ta tashi a ɗakin inji. An kashe ta, ba wanda ya mutu, ba wanda ya ƙone. Amma kafin ta mutu ta riga ta lashe manyan wayoyin da ke ɗaukar lantarki, har injinan da ba abin da ya same su suka rasa hanyar da za su tura wutarsu. Ƙaramin janaretan ko-ta-kwana kawai ya rage.

Za ka ce mu da muka tashi cikin ɗauke wuta, me zai tayar mana da hankali? Abin ba ɗaya ba ne. A gida in an ɗauke wuta ka buɗe taga, ka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ka jawo ruwa a rijiya ko ka kira mai garuwa, masai kuwa ba ruwansa da lantarki. Irin wannan jirgi komai nasa a wuta yake rataye. Injinan dizal ɗin wuta suke haɗawa, wutar ce ke juya farfelar da ke tura shi, ita ke tura ruwa a famfo, ita ke riƙe da firji da murhun girki da lifta da na'urar sanyaya ɗaki. Har bayan gida, domin ba ruwa ne ke kora ƙazantar ba, iska ce ke zuƙe ta ta cikin bututu, mai zuƙar kuwa inji ne. Wuta na tafiya, yawancin banɗakunan mutum sama da dubu huɗu suka tsaya cak.

Nan ne wahalar ta fi tsanani, kuma ita ce fasinjojin suka fi ba da labari bayan sun sauka. Aka yi shela ta lasifika cewa mai fitsari ya yi a wurin wanka, mai bayan gida kuma a ba shi jar leda ya yi a ciki, ya ɗaure, ya ajiye a bakin ƙofa ma'aikata su kwashe. Ka duba dattijon da ya tara kuɗinsa ya zo hutawa da iyalinsa, a miƙa masa leda a gaban jikokinsa. Wasu suka kasa, suka ci gaba da shiga banɗakin da ba ya korewa har ya cika ya tumbatsa. Jirgin kuma yana ɗan karkacewa gefe guda saboda iska, sai ruwan ƙazantar ya riƙa malalowa cikin lunguna, kafet ya jiƙe sharkaf, a wasu wuraren har ta jikin bango yake tsiyayowa. Ga zafi, ga wari, ga duhu, musamman ɗakunan ƙasa da na tsakiya waɗanda ba su da ko taga.

Da na karanta wannan, abin da ya fara zo min shi ne salla. Mutum irin Hajiya, da ba ta yarda ko ɗigon najasa ya taɓa zaninta, ina za ta sa goshinta a wuri irin wannan? Da wane ruwa za ta yi tsarki? Addini ya yi sauƙi, akwai taimama, amma ka san halin tsofaffinmu, damuwar za ta fi yunwa cin ransu.

Mutane suka jawo katifu suka haura saman jirgi inda iska take. Suka ɗaure zannuwan gado a jikin ƙarafa suka yi rumfuna, jere-jere, kowa da iyalinsa a ƙarƙashin tasa. Abinci kuma sai an bi layi na awanni, abin da za a samu a ƙarshe sau da yawa burodi ne da albasa ko kokwamba, tun da ba wutar girki, naman firji kuma ya fara lalacewa. Wasu na gaba su kwashi fiye da cikinsu don tsoron gobe, na baya su tarar da kwano wayam. Inda aka samu soket mai wuta, sai ka ga wayoyi sun taru a kansa cunkus, masu su na zaune a ƙasa suna gadi. Sabis kuwa babu, sai in wani jirgin kamfanin ya matso kawo musu abinci, a lokacin ne kowa zai ruga gefe ya ɗaga waya ko Allah zai sa saƙo ya fita zuwa gida. Ta irin wannan matsowar aka ɗauke wata mai wankin ƙoda aka mai da ita ɗaya jirgin don a kai ta asibiti.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne ma'aikatan. Su ne suka yi ta kwasar jajayen ledojin nan, suna hawa da sauka a matakala da kaya tun da lifta ba ta aiki, alhali su ma a cikin warin suke kwana, ɗakunansu ma su ne a can ƙasa. Yawancinsu baƙi ne daga ƙasashe masu nisa, sun bar iyali sun fito neman halak. Fasinjoji da dama da suka sauka cikin fushi da kamfanin, da aka zo maganar waɗannan bayin Allah sai yabo. In kun hau, don Allah ka kyautata wa wanda ke gyara muku ɗaki.

Da farko an so a ja jirgin zuwa Progreso a Mekziko, ita ce ta fi kusa. Kafin jiragen da za su ja shi su iso, igiyar ruwa ta kora shi wajen mil 90 zuwa arewa, ga kuma fasinja kusan 900 da ba su da fasfo a hannu. Sai aka juya zuwa Mobile a jihar Alabama ta Amurka, ana jan sa a hankali, a ranar ƙarshe ma igiyar jan ta tsinke aka sake ɗaurawa. Sai daren Alhamis 14 ga wata suka taka ƙasa. Kamfanin ya mai da musu kuɗin tafiya, ya ba su damar wata tafiyar kyauta, ya ƙara wa kowa dala 500. Ni dai a ganina kuɗin ba su kai kunyar da aka sha ba.

Gaskiya an yi gyara bayan haka. Kamfanin ya sanar da kashe sama da dala miliyan 300 wajen ƙara janaretocin ko-ta-kwana da kayan kashe gobara a jiragensa. Akwai kuma dokar ƙasa da ƙasa da ta ce manyan jiragen fasinja da aka ƙera daga Yulin 2010 dole su iya kai kansu tasha ko da gobara ta cinye wani sashe. Shi Triumph a 1999 ya fara aiki, dokar ba ta hau kansa ba. Don haka ka tambayi shekarar da aka ƙera wanda za ku hau. Sabo ma ba a ba shi tabbas ɗari bisa ɗari: a Maris 2019 injinan Viking Sky, jirgi ɗan shekara biyu, suka mutu a gaɓar Norwe cikin guguwa saboda man inji ya yi ƙasa a tankunansa, sai da jirage masu saukar ungulu suka kwashe mutum 479 ɗaya bayan ɗaya.

To ga roƙona. Ko za ka ƙara kuɗi, ka kama wa Hajiya ɗaki mai baranda a hawa na sama, wanda ƙofarsa ke buɗewa waje, kuma kusa da naku. Maganinta ka ɗauki na ƙarin mako guda bayan na kwanakin tafiya. Allurar insulin ita ce ta fi damuna tun da sanyi take so. Ka nemi 'yar jakar nan mai riƙe sanyi ba da wuta ba, kuma ranar da kuka hau ka kai ta asibitin jirgin su san da zamanta. Ka sa dabino da biskit a jaka saboda sukarinta kada ya faɗi ana cikin layi. Tocila, da abin cajin waya na hannu, da butarta, da darduma mai ledar ƙasa. Fasfo ɗin kowa ya kasance a jikinka, nata ma da bizarta ka tabbatar tana ba ta damar fita ta sake shigowa Amurka, kada ka dogara da maganar mai sayar da tikiti, ka bincika da kanka.

Kada ka ba ta wannan labarin, tsorata za ta yi ta ce ta fasa, alhali jirage na tashi daga tashar nan kowane mako suna dawowa lafiya. Kai dai ka riƙe shi a ranka ka yi shiri. Ka rubuto min sunan jirgin da ranar tashinku, zan duba shekarunsa da abin da aka sani game da injinansa in aiko maka kafin ka biya sauran kuɗin.

Mutanen gida duk suna gaishe ku. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya.

Naka har kullum,
Amininka na Kano