Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ƙaramin Jakadan Najeriya A Jidda

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Na rubuto ne a kan wata gurguwar fahimta da ke cinye dukiyar 'yan'uwanmu masu shaguna a Jidda da Makka. Da yawansu sun ɗauka duk wanda ya yanki lasisi ya ƙulla yarjejeniya da gwamnati ke nan, in ta saɓa sai a haɗu a kotu. Ba haka abin yake ba. Sijil tijari, wato rajistar kasuwanci ta Ma'aikatar Kasuwanci, da rukusar baladiyya, wato lasisin hukumar birni, izini ne kawai. Hukuma ce ta bayar bisa sharuɗɗanta, kuma doka ta ba ta ikon janyewa idan an karya su.

Wanda aka soke wa lasisi bisa zalunci yana da ƙofa, ita ce Diwanul Mazalim, kotun da ke duba shawarwarin hukumomi. Amma sai ya fara kai koke ga hukumar da ta yanke shawarar cikin kwana 60 da saninsa. Mutanenmu kuwa a wajen neman mai hanya suke ƙarar da kwanakin nan.

Abin da ya fi hana ni barci shi ne tasattur, wato baƙo ya yi kasuwanci a ɓoye da sunan ɗan ƙasa. Ka shiga shagon tela a titin Shari'a Mansur da ke Makka, ka ɗaga kai: ga takarda an sa mata gilashi an rataye saman keken ɗinki, sunan ɗan ƙasa ne a jiki. Jarin na telan ne, gumin nasa ne, duk wata yana miƙa wa mai sunan kasonsa. Ranar da suka ɓata, da me zai je gaban alƙali? Abin da suka ƙulla shi kansa laifi ne. Dokar yaƙi da tasattur ta 2020 ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara 5 da tarar da ta kai riyal miliyan 5, kuma ba ta bar baƙo ba, ba ta bar ɗan ƙasa ba. Na ga dattijo mai furfura yana kuka a kan wannan, wallahi abin ba kyan gani.

Roƙona, ranka ya daɗe, ofishinka ya samo lauya mai jin Hausa, ya zauna da mutane a unguwanninsu, ya rarrabe musu takardar da ke ɗaure wani da alkawari, kamar hayar shago da aka yi wa rajista a Ejar, shafin gwamnati na rajistar haya, da wadda ba ta ɗaure kowa. A naɗi bayanin da murya a tura ta WhatsApp, domin yawancin masu shagunan nan ba sa karanta Larabcin doka.

Naka,
Wani ɗan kasuwa mazaunin Jidda